BAMBERG, GARIN DA AKE YI WA HATSI BANDA KAMAR KIFI

Bamberg wani ɗan gari ne a arewacin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, kilomita 60 ke tsakaninsa da birnin Nurembag. Mutanensa duka-duka ba su wuce 80,000 ba, watau ƙaramar hukumar Fagge ta Kano kaɗai ta ninka shi sau biyu har da ɗoriya. Amma duk da ƙanƙantarsa sunansa ya kai Amurka, ya kai Japan, abu biyu kuwa suka kai shi: tsofaffin gine-ginensa waɗanda bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ba su yi wa ɓarna mai yawa ba, da kuma giyarsa. Gidajen dafa giya da ke cikin garin sun haura goma, a farkon ƙarni na 19 ma sun fi 60. Lardin da garin ke ciki, Farankoniya ta Sama, yana da irin waɗannan gidaje fiye da 150 ga mutum wajen miliyan ɗaya, shi ya sa suke bugun ƙirji suna cewa in dai an gwada da yawan jama'a, babu inda ya kai su masu dafa giya a duniya.

Na sani tun daga nan wani mai karatu zai tsuke fuska ya ce, me ya haɗa jaridar Hausa da labarin barasa? Tambayarsa tana kan hanya. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta bakina ba, ban kuwa kai ta a Bamberg ba. Amma akwai wata igiya da ta ɗaure sana'ar wannan gari da gonakin dawa na Funtuwa da Soba da Bichi, manomanmu da yawa kuwa ba su san da ita ba. Batun ɗanɗano, wani ɗan'uwanmu Kirista mutumin Filato, wanda ke karatu a jami'ar garin, shi ya ɗauki nauyinsa. Kakarsa ta shekara da shekaru tana dafa burkutu, saboda haka harshensa ba baƙo ba ne a wannan fage. Shi da harshe, ni da ido da hanci da alƙalami, haka muka raba aikin cikin kwana uku na watan Yuli.

Garin kansa abin kallo ne. Kogin Regnitz ya ratsa shi ya rabu biyu, sa'an nan ya sake haɗewa kafin ya faɗa kogin Main. Tsohon gari yana bisa tuddai bakwai. Sarki Heinrich na Biyu ne ya kafa kujerar bishop a nan cikin 1007, daga baya bishop-bishop ɗin suka zama su ne limamai su ne kuma sarakuna, har 1802 sa'ad da Bavariya ta haɗiye ƙasar. A cikin babban cocinsu mai hasumiya huɗu akwai kabarin Paparoma Clement na Biyu wanda ya mutu a 1047. Tsohon ofishin magajin gari kuwa a tsakiyar kogi aka gina shi, gada ta ratsa ta cikinsa. Wai bishop ne ya hana talakawa fili, su kuma suka kafa turaku cikin ruwa suka yi gininsu a inda ba ƙasar kowa ba. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1993. Mu 'yan jarida muna da namu rabon a tarihin: shahararren masanin falsafar nan Hegel ya riƙe editan jaridar garin daga 1807 zuwa 1808, wasiƙunsa kuwa sun nuna ya ƙosa ya rabu da aikin. Duk wanda ya taɓa raba dare a ɗakin labarai yana jiran shafin farko ba zai ga laifinsa ba.

DOKAR ABU UKU

Ba za a gane giyar Jamusawa ba sai an san dokarta. Ran 23 ga Afrilu, 1516, a garin Ingolstadt, sarakunan Bavariya suka zartar cewa kada a sa kome cikin giya sai abu uku: ruwa, da sha'ir, da furen wani tsiro mai yaɗo da ake kira hop. Mutanen Bamberg ba su yarda an riga su ba, gama bishop ɗinsu ya yi irin wannan doka tun 1489, shekara 27 ke nan kafin ta Bavariya. Dalilan dokar ba na tsabta kaɗai ba ne. Ana so a bar wa masu gashin burodi alkama don kada abinci ya yi tsada, ana so a ƙayyade farashi, ana kuma so a hana masu dafawa zuba ganyayen da ke juya hankali ko su kashe mutum. Ba a ambaci yisti ba, domin a lokacin ba wanda ya san shi ne ke mai da zaƙi barasa, sai a ƙarni na 19 Bafaranshen nan Pasteur ya bayyana aikinsa. A 1987 kotun Turai ta hana Jamus toshe wa giyar wasu ƙasashe ƙofa da sunan wannan doka, amma yawancin masu dafawa na gida har yau da ita suke tinƙaho.

Shi hop ɗin nan yana hawa waya har mita bakwai, mafi yawan na Jamus a yankin Hallertau ake nomansa, kudu da nan. Shi ke ba giya ɗaci da ƙamshi, shi ke kuma hana ta saurin lalacewa.

To, in kayan haɗi uku ne ko huɗu kurum, ina aka samo bambancin launi da ɗanɗano har iri-iri? Amsar tana cikin abin da matanmu masu kunun zaƙi suka sani tun kaka da kakanni, watau tsiro. Kusa da tashar jirgin ƙasa akwai wasu manyan gine-gine na jan bulo, kamfanin Weyermann ke nan, wanda aka kafa a 1879. Aikinsa tsirar da hatsi da busar da shi da soya shi, yana yin tsiro fiye da iri 80, yana sayarwa ƙasashe fiye da 100. Nan ne na fi daɗewa, nan ne kuma na sami abin da ya halatta in kai baki.

Ga yadda ake yi. A jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, a baza shi wajen kwana biyar ana juyawa har ya fara fitar da saiwa. Tsirowar nan ita ke ta da sinadarin da ke iya mai da garin ƙwaya sukari. Kafin tsiron ya cinye abincinsa sai a tsai da shi da zafi. Yawan zafin nan shi ne dukan sirrin. Wanda aka busar a kan awo 80 na ma'aunin zafi yakan fito fari, na tauna na ji shi kamar biskit marar sukari sosai. Wanda aka turara da danshinsa har sukarin ya narke cikin ƙwaya, sa'an nan aka gasa, yakan fito ja, yana da gardi kamar alewar madara, ni dai da za a bar ni da kwanon da na ga bayansa. Wanda aka soya a fiye da awo 200 kuwa baƙi ne ƙirin, ɗanɗanonsa tsakanin gahawa da ƙanzon tukunyar da aka manta a murhu. In aka niƙa tsiron aka dama da ruwan zafi aka tace, abin da ke fitowa ruwa ne mai zaƙi wanda babu ɗigon barasa a cikinsa, ɗan'uwan abin da muke sha a kwalbar Maltina. Sai an tafasa shi da hop, an huce, an zuba yisti, sa'an nan hanya ta rabu.

HAYAƘI A CIKIN KOFI

Akwai wani tsiro guda da na sansana na ja da baya. Ƙauri ne ya buge ni, irin na rumfar masu kifi banda. Wannan shi ne abin da Bamberg ta fi shahara da shi. A zamanin da, duk wanda ba shi da rana isasshiya, a kan wutar itace yake busar da tsironsa, hayaƙi kuwa dole ya kama shi. Aka ƙirƙiro matoya marar hayaƙi a Ingila, aka yi mata rajista a 1635, sannu a hankali ta mamaye Turai har giya mai hayaƙi ta kusa ɓacewa. Gidaje biyu ne a Bamberg suka ƙi sakin tsohuwar hanya ba tare da yankewa ba, Schlenkerla da Spezial, kowannensu yana bandar tsironsa da kansa a kan wutar wani icen dajinsu da suke kira Buche.

Schlenkerla yana gindin tudun babban coci, cikin wani gida da takardu suka ambata tun 1405. Sunan na tsokana ne: wani mai gidan na ƙarni na 19 yana tafiya yana rangaji, mutane suka laƙaba masa, sunan ya bi gidan. A bisa ƙofa akwai tauraro mai tsini shida. Baƙo zai zaci alamar Yahudawa ce, alhali tsohuwar alamar masu sana'ar dafa giya ce a wannan yanki. Ban shiga na zauna ba. A bakin titi muka tsaya, inda dama jama'a da yawa ke tsayawa da kofunansu, ana miƙo musu ta wata taga daga gangar katako. Kofin rabin lita ne, suna ce masa Seidla, kuɗinsa wajen Yuro 4.

Abin da aka miƙo wa abokina baƙi ne kamar shayin da ya daɗe a buta, in an ɗaga shi a rana sai a ga ja a ciki, da kumfa mai kauri a sama. Ƙarfin barasarsa kashi 5.1 cikin 100. Ya kurɓa, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, Malam, wannan ai kamar an wanke faifan kilishi an ba ka ruwan. Da ya ƙara kurɓa biyu sai ya sassauta hukunci. Ya ce bayan hayaƙin akwai zaƙi irin na ɓawon burodi, a can ƙarshen harshe kuma ɗan ɗaci ya zo ya share zaƙin, ba ya barin baki da danƙo. Mutanen garin suna da wata magana wai ba a jin daɗin wannan giya sai a kofi na uku. Ni dai a kunnena wannan maganar mai sayarwa ce, gama wanda ya zuba lita ɗaya da rabi a cikinsa, kome aka ba shi daɗi zai ce.

Spezial, wanda ke ƙirga shekarunsa daga 1536, yana wancan ƙetaren kogi. Tasa giyar launin zuma ce, hayaƙinta kuma ya fi kunya, sai ka kai hanci kusa kake jin sa. Ita abokina ya fi yabo cikin dukan abin da ya ɗanɗana. Ya ce ta tuna masa burkutun kakarsa ran da aka sauke shi daga murhu, sai dai babu tsamin, babu kuma kaurin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya sha kunu. Daura da shi, titi kurum ya raba su, akwai gidan Fässla na 1649, mai alamar wada yana mirgina ganga. A nan ma'aikata ke taruwa bayan tashi daga aiki. Giyarsu fara ce mai sauƙi, abokina ya ce irin tuwon gida ce, ba a ba da labarinsa amma kullum shi ake ci.

Kashegari muka gangara unguwar Wunderburg, inda wasu gidaje biyu kuma ke kallon juna, Mahr's da Keesmann. Na Mahr's sun yi suna da wata giya wadda ba a tacewa, ba a kuma toshe gangarta sosai sa'ad da take nuna, don iskar ta riƙa fita. Sunanta yana da tsawo, amma mutanen garin sun gutsure shi ya koma harafi ɗaya, mai so sai ya ɗaga yatsa ya ce U. Tana da ɗan duhu-duhu kamar ruwan rafi da damina. Abokina ya ce tana da laushi, ba ta cika ciki da iska, ƙamshinta na ɗanyen ƙullu ne da gyaɗa soyayya. Ta Keesmann kuwa irin wadda ake kira Pils ce, wadda aka fara dafawa a garin Pilsen na ƙasar Cek a 1842, ita ce kuma uwar yawancin giyar kwalba da ake sayarwa a duniya yau, har da ta Nijeriya. Garau take kamar man gyaɗa sabon tacewa. Ya ce ɗacinta tsabtatacce ne irin na ɗata, yana zuwa ya wuce.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta alkama. Na sansana na rantse an matsa ayaba a ciki an barbaɗa kanumfari. Babu ko ɗaya. Yistin ne ke haifar da ƙamshin. Yisti kashi biyu ne wurinsu: mai aiki da ɗumi ya taso sama, irin na giyar alkama, da mai aiki cikin sanyi ya kwanta ƙasa, wanda giyarsa ke bukatar a ajiye ta makonni kafin ta nuna.

Wannan ajiya ita ta haifar da wata al'ada mai ban sha'awa. Kafin Carl von Linde ya ƙera injin sanyi cikin shekarun 1870, mutanen Bamberg ramuka suka haƙa cikin duwatsun tuddansu, inda sanyi ba ya canzawa rani da damina, suka dasa itatuwa a sama don inuwa. Da yake giyar tana ƙasa, sai aka jera benci a bisanta. Saboda haka har yau Babambarge ba ya cewa zai shiga rami, sai ya ce zai hau kan rami. Da la'asar za ka ga iyali guda, da kaka da jika, sun hau tudu da kwandon abincinsu, gari duka yana shimfiɗe a ƙarƙashinsu da jajayen rufinsa. A lokacin yaƙi ramukan nan su ne suka zama mafakar jama'a daga bama-bamai. A can na sha ruwan tuffa gauraye da soda, wanda shi ne abin shan mai tuƙi da yaro da irina. Abinci kuwa sai a yi hattara, gama kusan duk abin da ke cikin takardar, har albasar da suke cusa wa nama, naman alade ne. Shagunan Turkawa su suka rufa mini asiri.

Kada a raina yadda mutanen nan suka ɗauki kofinsu. A 1907 masu dafawa suka haɗa baki suka ƙara fenik ɗaya tak a kan farashi, watau kamar a ce anini. Jama'a suka ƙaurace musu, masu gidajen sayarwa suka riƙa ɗauko giya daga garin Forchheim da keken doki, cikin mako guda aka janye ƙarin. Har yau suna kiran abin yaƙin giya.

SABABBIN SHIGA

A 'yan shekarun nan an cika duniya da zancen giyar sana'ar hannu, watau wadda ƙananan gidaje ke dafawa kaɗan-kaɗan, kowa da salonsa. Daga Amurka yayin ya taso. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa, a lokacin kuwa kamfanonin giya na ƙasar ba su kai 100 ba. Zuwa 2023 sun haura 9,000. Masu wannan yayi suna zuwa Bamberg kamar masu ziyarar kakanni, kuma da yawansu a wurin Weyermann suke sayen tsiro. A wani sabon shago muka sami irin tasu da ake kira IPA, wadda ake cika wa hop har ya yi yawa. Ƙamshinta ya cika wurin, mangwaro da ɓawon lemo. Abokina ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce hanci an yi masa alkawarin lambu, harshe kuma an ba shi maɗaci. Bai shanye ba, ga shi kuwa ta fi sauran tsada a ƙaramin kofi. Wani dattijo da muka yi hira da shi a kan rami dariya ya yi, ya ce su shekara ɗari biyar suna wannan sana'a, ba su san tana da suna ba sai da Amurkawa suka gaya musu.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Titin da na gani da rana cike da furanni da masu ɗaukar hoto, da tsakar dare na gan shi da samari suna tangaɗi, wani yana amai a jikin ginin da ya shekara ɗari shida. Dokar Jamus ta yarda ɗan shekara 16 ya sayi giya. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya, kyan ganga da tsufan gida kuwa ba su canza wannan ba. Jamusawan ma suna ja da baya. A tsakiyar shekarun 1970 abin da ke faɗa wa kowane mutum a Jamus ta Yamma ya kai lita 150 a shekara, a 2023 bai kai 90 ba, giyar da aka cire wa barasa kuma ta kusa kai kashi ɗaya cikin goma na kasuwa. A nan ina jan kunnen matafiyanmu: abin da aka rubuta wa alkoholfrei a Jamus yana iya ɗauke da barasa har rabin kashi ɗaya cikin 100. Mai son kauce wa shubuha sai ya karanta jikin kwalba da kyau, ko ya tsaya ga ruwan tuffa.

INDA DAWARMU TA SHIGO

Sha'ir ba ya yi sosai a ƙasarmu, saboda haka kamfanonin giya na Nijeriya daga Turai suke shigo da tsironsa. A watan Janairu na 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi don tsimin kuɗin waje. Dole kamfanonin suka waiwayo ga dawa da masara. Abin bai zo da sauƙi ba. Garin dawa yana bukatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta ba shi da ƙarfin mai da gari sukari kamar na sha'ir, ba ta kuma da ɓawon da ke taimakon tacewa. Ga kuma dafin da ke cikin saiwar tsironta, irin wanda makiyaya suka sani a gyauron dawa mai kashe shanu, wanda dole a murje a fitar. Masana suka duƙufa, irin dawar nan SK 5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya zama abin nema, kuma ko da aka sake buɗe ƙofa daga baya, dawa ba ta fita daga tukunyar ba. A 2008 kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe babbar masana'antar tsiron dawa a Aba. Dawar da ake tsirarwa a Aba kuwa ba a Aba ake noma ta ba.

Nijeriya tana noma dawa tan miliyan 6 zuwa 7 a shekara, tana cikin na gaba-gaba a duniya. Mafi yawanta tuwo ne da kunu da abincin dabba, amma wani kaso yana bin tireloli daga Dawanau da Funtuwa zuwa kudu, ya shiga lemon malt da Milo, ya kuma shiga giya. Manomin da ya sayar wa dillali buhu goma na farfara ko kaura ba ya sanin ina za su kwana. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. To, yaya hukuncin wanda ya sayar wa kamfanin da ke zuba dawa a rumbu guda, ya yi lemon da ake rabawa a walimar saukar Alƙur'ani da rabi, ya yi giya da ɗaya rabin? Ni ba malami ba ne. Amma na ga ana fasa kwalabe a bainar jama'a ana ɗaukar hoto, ban kuwa taɓa jin an zaunar da manoma da dillalai an warware musu wannan mas'ala dalla-dalla ba, alhali ita ce ta shafi aljihunsu da lahirarsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Bamberg shi ne ribar ba a gona take ba, a matoya take. Buhun sha'ir ba shi da wata daraja ta musamman, amma da zarar an tsirar da shi an gasa shi iri 80, sai ga shi ana jigilarsa zuwa ƙasashe 100. Mu muna sayar da ƙwaya, wani ya tsirar, ya sayar mana da ita a gwangwani. Tsiro kuwa ba na giya kaɗai ba ne. Masana abinci sun tabbatar cewa ɗan garin tsiro kaɗan yana tsinka kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba, yaron da ake yayewa ya sha abinci mai yawa a ƙaramin kofi. Masu burodi da biskit da alewa duk suna bukatarsa. Ban ga abin da zai hana a sami ƙananan masana'antun tsiro na abinci zalla a Zariya ko Gusau ko Gombe ba, inda manomi zai san inda dawarsa ta tafi.

Su ma masu burkutu da pito na Filato da kudancin Kaduna da Binuwai, abokina ya yi mini ƙorafi a kansu. Ya ce aikin kakarsa da na gidan Spezial ɗaya ne, jiƙo da tsiro da shanya da niƙa da dafuwa, bambancin kawai can akwai doka da awo, nan kuwa babu mai duba abin da marasa tsoron Allah ke ƙarawa a tukunya don ta yi saurin bugarwa. Ya tuna mini mutanen da ogogoro mai guba ya kashe a jihohin Ondo da Ribas cikin 2015. Mai sha da wanda ba ya sha duk sun yi jana'iza a wannan shekara.

Ran da zan taso na koma shagon jan bulon nan na sayi ƙaramin ƙunshi na jan tsiro mai gardin alewa. Da na iso gida aka niƙa aka zuba a kunun zaƙi. Ya fito da launin shayi da madara, yara suka shanye har suna neman ƙari. Uwargida ta tambayi kuɗinsa, na juya mata Yuro zuwa Naira, ta ce a kawo mata tiya biyu ta kaura da buhun algarara mai tsabta, a ba ta kwana shida.